Mutumin Ƙarfe da Kwanon Gyong-su

Chuncheon, farkon sanyi

'Yata Gyong-ran,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kina kuma haƙuri da uwarki, Yayata. Na ga takardarki. Gara da kika rubuto, don kunnena ya daɗe da sallamar tarho.

Kin tambaye ni wane ne wannan mutumin ƙarfe da uwarki take kira tun da teku ta haɗiye jirgin ƙanenki Gyong-su. Tun ina yaro nake jin labarinsa a bakin tsofaffi masu gyaran komar kamun kifi. Wai kansa na tagulla ne, idonsa gilashi, ƙafafunsa dalma, yana yawo a ƙarƙashin teku kamar mai duba gona. Idan ruwa ya ci mutum ba a ga gawa ba, aka zuba shinkafa a kwanon mamacin, aka rufe, aka ɗaure da dogon farin ƙyalle aka jefa, wai shi ke buɗewa ya sa silin gashin mamacin a ciki. A jawo, a ga gashi, a ce kurwa ta dawo, a binne kwanon. Ni dai ban taɓa yarda ba. Na ce da su ƙarfen da ya shekara a ruwan gishiri ai sai dai a share shi da tsintsiya. Na sha ranƙwashi a kan wannan magana. Amma da mahaifinki ya nutse, da idona na ga gashi a kwanonsa.

Ki gaida Yaya.

Kawunki, Pyo Dok-man

*

Goseong

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Abin ya ƙara lalacewa. An sake jefa kwanon Gyong-su, ya sake fitowa da shinkafa zalla. Mama ta daina cin abinci, ruwa ma sai da faɗa. Wuni take a bakin gaɓa tana cewa mutumin ƙarfe ya mutu, babu mai zuwa wurin ɗanta. Likita ya ce jikinta ba zai kai ƙarshen sanyi a haka ba.

Jiya matan da ke shanya kifi suka gaya mini abin da ashe kowa ya sani ban da mu 'yan birni: marigayi Om mai nutso ne yake sa rigar nutsonsa da kwalkwalin tagulla, ya ɓuya bayan duwatsu ya sauka ya sa gashin. Ke nan gashin wa muke yi wa gaisuwa a kabarin Baba? Na je wurin ɗansa Chil-song, kayan suna nan a rumfarsa. Ya ce zai sauka idan na ce, amma kunyar yaudarar tsohuwa yake ji. Ni ma haka. Idan kuma ta gane, na kashe ta da hannuna. Me zan yi, Kawu?

'Yarka, Gyong-ran

*

Chuncheon

Gyong-ran,

Gaisuwa. Ki ce wa Chil-song ya sauka, amma ban da bayan duwatsu. Ya sa kayan da rana tsaka, a kan jirgi, uwarki na zaune tana kallo. Ki ba ta tiyon iskarsa ta riƙe. Na san za ki ce tsufa ya taɓa mini kai. Ya taɓa, amma ba ta nan ba.

Kawunki

*

Goseong

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Ɗaukar Mama muka yi zuwa jirgi. Tana ganin Chil-song yana fama da rigar ubansa sai ta yi maganar da ta fi tsawo tun kaka: wai ubansa shiga yake kamar zare a allura, shi kuwa tumbi ya tsaya a ƙofa. Ya ce, “Gwaggo, rigar ce ta tsuke.” Ta ce, “Har da kwalkwalin?”

Aka jefa kwano, ya bi shi. Ta riƙe tiyon da hannu biyu, idonta a kan kumfar da ke tasowa, ko matar da muka ɗauko don kiran kurwa da gangarta ba ta kalla ba. Da aka jawo kwanon, ga gashi a kan shinkafa, fari fat. Kawu, Gyong-su ko furfura ɗaya ba shi da ita. Na ji kamar in faɗa ruwa. Ta duba, ta mayar da murfi, ta rungume kwanon.

Da aka cire wa Chil-song kwalkwali, ta tambaye shi ko da sanyi a can. Ya ce bai kai na sama ba, yashi ne mai laushi, ga shiru. Ta gyaɗa kai. Da muka koma gida ta sha kunun shinkafa rabin kwano, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Jibi za mu binne kwanon kusa da Baba.

Yaya aka yi ka sani?

'Yarka, Gyong-ran

*

Chuncheon

'Yata,

Gaisuwa, da sannu da ƙoƙari. Ki ƙara mata gishiri.

Labarin mutumin ƙarfe na ji shi a bakuna da yawa, kowa da irin ƙarinsa. Na ƙarshe a hanyar dawowa daga binne kwanon mahaifinki na ji shi, kina goye a baya, ƙanenki na ciki. Aka ce mini gashin na matar Om ne, an gane shi sarai, don tare suke wanke kai. Aka ce ba gashin ake nema ba, so ake wani mai rai ya taka har inda mutuminka yake kwance, ya dawo ya dube ka. Tun daga nan ban ƙara sauraron kowa a kansa ba. Wadda ta gaya mini uwarki ce, Ok-bun.

Kawunki, Pyo Dok-man