Kanumfarin da Na Ba Sale

Daren Talata, 7 ga Safar 1369, unguwar Tandabawi, ƙasa mai tsarki

Wallahi raina a ɓace yake. Ƙanena Sale ya dawo daga Jidda da hantsi, jiya ya kwana shan giya da ma'aikatan jirgin ruwa. Ya rantse mini barci ɗaya ke kashe warin. Ni sakarai na ba shi kanumfari ya tauna.

Da ya sunkuya zai sumbaci kan Baba, tsoho ya damƙe wuyan rigarsa. Makanta ta ci idonsa, ba ta ci hancinsa ba. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, giyar a guminka take fita."

Sannan ya tambaya, "Wa ya ba shi kanumfari?"

Sale na can yana minshari. Ni ne Baba ya ƙi amsa wa sallama bayan isha'i.