Gaisuwar Da Aka Yanke

Arlit, farkon bazara

Zuwa ga Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina nan lafiya ke da 'Yargata. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe kuwa? Yaya mutanen Damagaram? Ni lafiya lau, sai dai zama wuri ɗaya ya gagare ni.

Ga takardar da kika matsa sai na rubuta, tunda kin ce maganar waya iska ce, rezo, wato sabis ɗin wayar, na yankewa ta bi shi. Ba ki yi ƙarya ba.

Kin tuna alkawarin da na yi miki a tasha, bayan an rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan aka sallame mu, cewa ba zan ɗauko ki daga gidan Inna ba sai na riƙe aiki a hannu. To, aikin ya leƙo. Aghali, shugaban masu garka na bayan gari, ya ba ni in haɗa musu 'yar na'ura da za ta riƙa kunna famfonsu mai aiki da hasken rana, ta raba ruwa bi da bi, kowa da lokacinsa, a huta da faɗa a bakin rijiya. In ta yi kyau za a sa wa sauran rijiyoyin, ni ne kuma mai kula da su. Koyon rubuta umarnin kwamfutar nan da kike min dariya a kai, kina cewa na auri allo, ga ranarsa ta zo.

Amma na'urar ta raina ni. Da safe tana aiki tiryan-tiryan. Azahar na yi sai ta ɗauke, ta manta duk abin da na gaya mata, famfo ya tsaya. Na bi umarnin layi-layi har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba.

Akwai wani babban dandali a intanet inda masu wannan sana'a ke tambayar juna. Duk matsalar da ka buga a wurin bincike, shi ne ke fitowa a sama, kuma gaskiya rabin abin da na iya a can na tsinta. Sai na ce bari ni ma in yi tambaya. Na haɗa ɗan Turancin Ingilishin da na aro, na fara yadda duk wanda aka haifa a gida zai fara. Na ce ina gaishe ku daga Arlit, inda rana ke gasa ƙarfe har hannu ba ya taɓuwa, yaya aiki, yaya iyali. Sannan na faɗi damuwata.

Radiyya, kafin shayina ya huce wani ya shigo ya yanke gaisuwar duka. Ya bar min rubutu cewa a nan ba a gaisuwa, a tafi kai tsaye. Daga baya wasu suka rufe tambayar, wai an taɓa yin irinta, suka nuna min wata tsohuwar amsa da na riga na gwada tuntuni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu in na buga matsalar a bincike, abin da ke fitowa na farko tambayata ce, da sunana, ba amsa a ƙarƙashi. An ce matambayi ba ya ɓata, ni kam ga ni nan ina ta zagaye ina dawowa ƙofar gidana.

Akwai kuma wani ƙaramin zaure a waya, na 'yan ƙasashenmu masu Faransanci, wanda wani tsohon abokin aiki ya saka ni ciki. Shi bincike bai ma san da shi ba. Hira ta yi musu yawa, daga ƙwallo sai barka da suna, abin da aka faɗa yau kuma gobe ya nutse. Ban ga abin da za su tsinana min ba.

Ki gaida Inna, ki shafa min kan 'Yargata.

Naki,
Hashimu

Arlit, Talata

Radiyya,

Tambaya ɗaya gare ni.

Na'urar ba ta gyaru ba. Ganyen salatin da aka shuka a gefen gabas na garka ya kwanta. Jiya na tarar Aghali ya mayar da tsohon makunnin hannu, ya sa ɗansa yana tsaro. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na sake rubuta tambayar a babban dandalin yadda suke so, ƙashi zalla ba tsoka. Ba wanda ya kula ta. Ba na iya zama, ba na iya cin abinci. In fita garka, in dawo ɗaki, in sake fita, kamar wanda ya ajiye abu ya manta inda yake.

Akoli direba zai tashi da kamyo, babbar motar kayansa, zuwa Assamakka ranar Alhamis ta sama. Ya ce akwai wuri a gaba, kuma in an tsallaka iyaka ana neman masu aikin lantarki a Tamanrasset. Na san abin da za ki ce. Ni ma ina ganin waɗanda aka koro daga can, yadda suke shigowa gari da leda ɗaya a hannu. Amma ba zan ci gaba da barin ki a gidan Inna ana yi miki kallon wadda mijinta ya kasa ba.

In tafi ko kar in tafi? Ki ba yaron bas ɗin da ya kawo miki wannan amsa, a taƙaice.

Hashimu

Arlit, bayan Juma'a

Zuwa ga Radiyya, uwar 'Yargata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwananki, ina gajiya? Yaya gida, yaya zafi, yaya haƙuri da ni? Yaya Inna da ƙafa, yaya haƙoran 'Yargata, sun fito ko tana ta rigima? Ki lura, yau ban tsallake ko ɗaya ba.

Takardarki ta iso. Na buɗe ta a tsaye a tasha, ina neman e ko a'a. Sai na ga shafi cike, gaba da baya, gaisuwa tsantsa. Kin tambayi lafiyata, da ta Aghali, da ta Akoli da kamyonsa, da akuyar maƙwabta, har kin ce in gaida na'urar in ce mata sannu da jiki. Daga nan sai sunanki. Tambayar da na yi ko kallonta ba ki yi ba. Da farko na fusata, sannan dariya ta kama ni, sannan kunya. Sai a lokacin na tuna yadda na buɗe waccan takardar. Ashe mutanen da nake jin haushinsu sun koya min halinsu, na zo na gwada a kan matata.

Na samu inuwa na zauna. Kunyar nan ce ta sa na buɗe ƙaramin zauren da na raina, inda tun da aka saka ni ban taɓa ko yin sallama ba. Na gaishe su yadda ya kamata, ban ma yi niyyar tambaya ba. Wani bawan Allah mai suna Ahmudu, malamin lantarki a Gao, ya amsa, ya ce yaya Arlit, yaya zafi. Na ce zafi kam sai godiya, akwatin ƙarfen da na'urata ke ciki ma da azahar ba ya taɓuwa. Ya ce wace na'ura? Na ba shi labari. Sai ya tambaye ni ko a rana akwatin yake, kuma ko a daidai lokacin take ɗaukewa.

Radiyya, sai da na miƙe tsaye. Umarnina ba shi da laifi ko kaɗan. Zafi ne ke sumar da na'urar. Kuma wannan magana tana cikin tambayata ta farko, cikin layin da aka yanke aka yar don gaisuwa ce.

Da gudu na isa garka. Aghali ya saurare ni ya girgiza kai, ya ce ko jaki ba a ɗaure shi a wannan rana. Muka ciro na'urar daga ƙarfen, muka sa ta cikin tsohon tulu a gindin dabino, muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ahmudu kuma ya nuna min yadda zan sa ta riƙa adana inda ta tsaya, ko da ta sake ɗaukewa. Azahar ta zo, na tsuguna gaban tulun ina jira. Ruwa bai tsaya ba. Washegari ma haka, har yau. Aghali ya cire makunnin hannun da kansa, ya ce bayan salla mu fara rijiya ta biyu.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Maganar Ahmudu ta riga ta nutse a zauren, hotunan wani biki sun binne ta, kuma ba mai binciken da zai taɓa tono ta. Wani na can a Bilma ko Gao zai buga irin matsalata, a kai shi babban dandali, ya tarar da ni tsaye ba amsa. Don haka na koma can, ina haɗiye fushi, na rubuta amsar a ƙarƙashin tambayata ta biyu, na sa maganar zafin a tsakiya inda almakashinsu ba zai kai ba. Na yi musu sallama a sama duk da haka. Sun yanke ta. Amsar dai tana nan, ita ce ta farko in an bincika. Yanzu na gane kowane da amfaninsa: a zaure ake samun mutum, a dandali ake ajiye magana.

Akoli ya tashi jiya Alhamis. Na raka shi har bakin gari, na yi masa addu'a, na dawo da ƙafata. Tambayar da kika ƙi amsawa na rufe ta da kaina.

Ga wata sabuwa, kuma wannan karon na gaishe ki tukuna, don haka ba ki da hujja. Na share ɗaki, na gyara ƙofar da ke ƙara. Wace rana za ku shigo bas?

Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata na gode da riƙo.

Mijinki mai jiran amsa,
Hashimu