Fasfon Nabila Yana Hannuna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dattawa na masallacinmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto a fili ne domin a fili aka ci namana ranar Juma'a, alhali ba na wurin.

Ga waɗanda ba su san maganar ba: ɗana da matarsa Hajara sun rabu shekara biyu ke nan. 'Yarsu Nabila, mai shekara takwas, tana mako ɗaya wajen uba, mako ɗaya wajen uwa. A gaban kotu su biyun suka yarda fasfonta ya zauna a hannuna, kuma ba za ta bar ƙasar nan ta Turawa ba sai da sa hannun kowannensu.

Na ɗaya. Ban hana jikata zuwa hutu Kano ba. Ni da nake tsokanarta ina ce mata amaryata, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, na fi kowa son ta ga dangi. Takardar uwarta na nema, da tikitin dawowa. Ɗana ya nuna mini tikitin jirgin da ya yanka a waya: shi zuwa da dawowa, ita zuwa kawai. Idona ya yi rauni, amma sau uku na karanta. Ƙanwata kuma ta bugo daga Kano tana murna, wai har an samo wa yarinyar makaranta.

Na biyu. Kun zo gidana ku uku, kuka ce ɗa na uba ne, can za ta sami tarbiyya, uwar kuwa za ta yi kuka ta haƙura. Ranka ya daɗe, ina da shekara bakwai, bayan an saki mahaifiyata, aka ce in raka baffana Gusau kwana biyu. Ta ƙulla mini soyayyar gyaɗa a tsumma, ta ce in rage mata. Ban sake ganinta ba sai kabarinta. Na haura tamanin ban haƙura ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini ita ta haƙura.

Na uku. Tun ranar, motar da take ɗaukata zuwa Juma'a ta manta hanyar unguwarmu ta Edmonton. Ɗana ba ya ɗaga wayata, ƙafata kuma ba ta hawa bas. In kuna jira kaɗaici ya tanƙwara ni, kun makara. Tun rasuwar matata da shi nake zaune.

Ina roƙonka ka zaunar da ɗana ka gaya masa gaskiya, ka kuma kira Hajara a ji ta bakinta, tunda ba wanda ya tambaye ta. Ranar da ta yarda a rubuce, ni zan sa wa Nabila fasfon a jaka. In ba haka ba, ko kun ce ba za ku sallaci gawata ba, ma'aikatan ƙaramar hukuma sa binne ni, yarinyar kuwa tana kusa da uwarta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka sauke nauyin jama'a da adalci.

Wassalam.

Malam Garba,
kakan Nabila.