Idon Baba na Hagu

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ki da ciwon gwiwar nan da ke tashi duk damina. Ni ma ƙalau nake, irin ƙalau ɗin da ake faɗa a waya.

Labarin da kika ji gaskiya ne, an ba ni shugabancin sashenmu a jami'a. An mayar da ni babban ofis mai kujera mai juyawa, an kuma maƙala wa ƙofar wani ƙarfe da ke rufe ta da kanta. Ban taɓa ganin abin da ya fassara girma kamar ƙarfen nan ba. Da can abokan aiki kan faɗo mini ba sallama, su shanye mini shayi, su bar mini kofi ba a wanke ba. Yanzu sai sun ƙwanƙwasa, su yi magana a tsaye, su ce ba sa son cin lokacina. Har malamin lissafin nan da na ba ki labari ya janye cikin ladabi. Wai ya duba rayuwata bai ga gurbin da zai shiga ba. Na so in ce masa gidana duk gurbi ne, amma kafin in buɗe baki ƙofar ta yi aikinta.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Auta ya turo mini hoton 'yarsa, sai na hango Baba a bayanta, zaune cikin falo da baƙin tabarau. Kin dai san Baba, shi ne mai cewa ba ya ciniki da mutumin da ba a ganin idonsa. Na kira Auta, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce an yi wa Baba aikin yanar ido, na dama, tun watan jiya. Wai an zauna an shawarta kada a gaya mini, ayyuka sun yi mini yawa. Ke kin bar yaranki kin je jinya, Gwaggo ce mai ɗiga magani, har tela maƙwabcinmu an sa ya rufe shago ya kai su asibiti. Kowa an dame shi, ni kaɗai aka girmama.

Ban yi fushi ba, Yaya, na san ƙauna ce. Sai dai kallon kitse kuke yi wa rogo. Na yi shekaru ina karatu don in zama mai amfani, sai ga ni kamar tangaran ɗin Inna na cikin kabad: ana nuna wa baƙi, ba a ci a ciki. Da na kira Baba, ya tambaye ni aiki, ya sa mini albarka, ya ce in yi maza in koma bakin aiki kada a jira ni. Ranar hutu ce, ina zaune ni da firiji, shi ma don ƙararsa nake sanin akwai wani a gidan.

Auta ya ce wata mai zuwa za a yi na hagun. Na riga na ɗauki hutu. Na san za ki ce ban iya jinya ba, kuma gaskiyarki, ban iya ba. Sai ki koya mini. Ki bar mini ɗigon maganin, da riƙe masa hannu zuwa banɗaki, da faɗansa in ya gaji da kwanciya. Rabon da Baba ya daka mini tsawa har na manta, kuma ban san ana kewar tsawa ba sai yanzu. Ke ce mai faɗa a ji a gidan; in kika ce a bar mini, za a bar mini.

Ki gaida maigidan da yara, da Gwaggo, da Kawu, da matar Auta. Ki ce wa Inna don Allah kada ta share mini ɗakin baƙi, tabarma a ƙofar ɗakin Baba ta ishe ni.

Ƙanwarki,
mai jiran a aike ta.