Sunan da Kotu Ta Rufe

Gummi, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Turai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yarinyar. Na ba Sharu direba takardar nan ya damƙa miki da hannunsa, don wayarki a shagon caji take wuni, mai shagon kuwa ba kurma ba ne.

Jiya alƙali ya ba da umurnin da na yi miki alkawari. A ƙarar neman diyya da muka shigar kan abin da Tsoho mai injin niƙan dutsen zinari ya yi wa jikata, ba mai ikon ambaton sunanta, ko a jarida, ko a rediyo, ko a bakin kotu. A takarda "Yarinya A" za a kira ta. Ni kaina ba zan rubuta sunan ba, ko a wasiƙa irin wannan.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakardan kotu. Na ga ɓarayi sun fita suna dariya, na ga masu gaskiya sun sayar da gona sun koma gida a ƙafa. Abin da na fito da shi fansho ne da ba ya zuwa, da ciwon gwiwa. Amma umurnin alƙali, wannan kam na san ƙarfinsa. Tun da 'yan sanda suka saki Tsoho, wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage mana. Ki kwantar da hankalinki. Ba wanda zai sani.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Abdussalam Nuhu

*

Ƙauyenmu, ƙasar Bukkuyum, ranar Lahadi

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙafa?

Baba, kowa ya sani.

Ranar Alhamis masinjan kotu ya kawo wa Tsoho sammaci. Ka san baƙo ba ya shiga gari da takardar hukuma sai ya biya ta zauren mai unguwa. Mai unguwa ba ya jin Turanci, sai ya sa aka kira malamin firamare ya karanta wa Tsoho a gabansa. Bayan la'asar ne, zaure cike. Malamin ya karanta yana fassarawa: "Yarinya A, ta hannun kakanta, Abdussalam Nuhu Gummi."

Wa ke da uba magatakarda a garin nan in ba ni ba? Ɗiya nawa gare ni, ni da mijina ya rasu ya bar ni da guda?

Ranar Juma'a yarinyar ta je rijiya, yara suka bi ta suna "Yarinya A! Yarinya A!" Ta dawo ba tulun. Masu sayen ƙuli-ƙulina sun ɗauke ƙafa. Sahura maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Turai, ashe abin da ya hana ta makaranta ke nan, kika ce mana ciwon shawara ne?" Tsoho kuwa injinsa na ta kuka, har gaisuwa ake zuwa yi masa, wai an yi masa sharri.

Shekararta goma sha ɗaya, Baba. Jiya ta ce, "Inna, ba kin ce Kaka ya rufe ba?" Mi zan ce mata?

Ɗiyarka,
Turai

*

Gummi, ranar Talata

Turai,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki sau uku.

Na je wajen lauya. Ya ce ana iya kai mai unguwa da malamin gaban alƙali don sun raina umurnin kotu. Na ce masa, sai a haɗa da Sahura, da yaran rijiya, a kawo tirela. Ya ce umurnin yana nan daram. Haka ne. A cikin fayil yake, an buga masa hatimi, ƙura ma ba ta taɓa shi ba. An ɗage zama sai bayan Sallah.

Na so in cika takardar nan da zagin masinja da mai unguwa. Na fara, na yage. Abin da suka gada suka yi. Ni da hannuna na sha aika masinjoji, ina ce musu su fara gaida mai unguwa.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, sai babba ya tsaya masa. Ranar da ake rubuta takardun, lauya ya ce a roƙi alƙali ya rufe nawa sunan ma, a sa harafi. Na ƙi. Na ce masa sunana ya shekara talatin a kan takardun kotu tun ba a haife shi ba, ba abin ɓoyewa ba ne. Na so Tsoho ya ga wanda ya taɓo. Na so waɗanda suka manta da ni a ofis su gani.

Sun gani.

Ba na neman ki yafe mini a takarda. Ki gaya mini abin da kike so in yi.

Mahaifinki,
Abdussalam

*

Anka, ranar Asabar

Baba,

Ina gaisuwa. Mun baro ƙauye. Muna Anka wajen Luba, ƙanwar marigayi, ta ba mu ɗaki. Gida na rufe, awaki na sayar. Nan ba wanda ya san mu, sai dai motocin kasuwa suna zuwa daga can kowane mako, ban san kwana nawa za mu samu ba.

Ƙara taka ce, sunanka ke kai. In ka ci gaba, ban hana ba. Amma ba zan sake kai yarinyar ta tsaya gaban kowa ba. Kada ka zo yanzu. Ana ganinka za a tambaya.

Ba ta cika magana ba. Amma ta ga takardunka a cikin kwalla, ta karanta su duka. Ta ce, "Inna, Kaka ma Yarinya yake ce mini." Da can kai ke rubuta mata sunanta a bangon littafi da jan biro. Ta kawo mini littafin ta nuna mini.

Allah ya ƙara lafiya.

Turai

*

Gummi, ranar Litinin

Turai,

Salamu alaikum. Ba zan zo ba, na ji. Ki ba ta wannan takarda a hannunta. Da jan biro na rubuta. In alƙali ya kira shi raina kotu, ya kira.

Naja'atu.

Naja'atu, jikata. Ba ke kika yi laifi ba. Tsoho ya yi nasa, ni na yi nawa.

Allah ya tsare ku. Nawa sunan ba zan sa a ƙasa ba. Ya yi ɓarnar da ta isa.