Unguwar da Yara Ba Sa Kuka

Assalamu alaikum Malama mai wannan fili. Ki taimaki tsoho, don abin da ya sa ni riƙe biro ba ƙarami ba ne. A aji huɗu na firamare na tsaya, shi ma sau biyu na yi shi saboda malamai sun kasa rabuwa da ni. In kin ga rubutun yana tangaɗi kamar tirela a gargada, ki yi haƙuri ki miƙar.

Ni tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya a kan titi. Babban ɗana ma direba ne, sai dai tasa motar fukafukai gare ta. Kyaftin ne na jirgin sama, ya daɗe a aikin har furfura ta fara leƙo shi. Shekara uku da suka wuce wani kamfani na ƙasar waje, irin masu farautar tsofaffin hannu, ya ɗauke shi kwantiragi. Suka ba shi gida, mota, asibiti da makarantar yara. Ya tafi da matarsa da 'yarsu, jikata, wadda nake kira Amarya don tsokana. Tana shekara biyu suka tafi, kuma wallahi a lokacin in ta buɗe baki, hon ɗin motata sai ya ji kunya.

Watan jiya ya aiko mini da tikiti, na je na yi sati uku.

Unguwar ta matuƙa jirgi ce zalla, an zagaye ta da katanga. Gidaje iri ɗaya, fenti ɗaya, mota iri ɗaya a ƙofar kowa, har itatuwan tsayinsu ɗaya kamar an yi musu aski rana guda. Da tsakar rana muka shiga, amma kowace taga an toshe ta da baƙin labule mai kauri. Ba rediyo, ba mai talla, ba yaro ko ɗaya a waje. Na tambayi wanda ya ɗauko ni ko rasuwa aka yi. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mini ƙofofin. A mariƙin ƙofofi da yawa an rataye jan kati, wato mai gidan yana barci. Su ba ruwansu da dare ko rana, sai abin da takardar aiki ta ce. Agogo biyu ne a falon ɗana, ɗaya na garin, ɗaya na lokacin da matuƙa ke aiki da shi, wanda bai san da ranar da ke waje ba. Na biyun suke kallo.

A cikin gida da safa ake yawo. Cokulan na roba ne. An liƙa wa kujeru soso a ƙafa. A jikin ƙyauren ɗakin Amarya, ƙarƙashin sabon fenti, na ga zane-zanen da iyaye ke yi na auna tsayin yara. Layi uku ne na yara uku da ban sani ba, kowanne ya hau, ya hau, ya tsaya.

Ranar farko muna cin abinci na saki labarin da bai taɓa ba ni kunya ba, na ranar da na yi ribas na tafi da rumfar mai facin taya har da mai facin a ciki yana salati. Suka yi dariya sosai, Malama. Baki a buɗe, kafaɗu na rawa, surukata har da share hawaye. Amma ba sauti, kamar talabijin da aka kashe wa murya. Dariyata kaɗai ta fita, ta bugi bango, ta dawo mini. Amarya ta kalle ni kamar na fasa tulu.

Gidan da ke kallon namu akwai jariri mai kuka, kuma kukansa ne ke tuna mini cewa a duniya nake. Wata safiya na ji shiru. Ban ga motar kwasar kaya ba, ban ga sallama ba. Bayan kwana uku mutum ya fito daga gidan, kaki ɗaya, hula ɗaya, mota ɗaya. Na ɗaga hannu ina tambayarsa jariri, ya juyo, ashe ba shi ba ne. Surukata ta raɗa mini cewa wataƙila likita ne ya kayar da wancan a gwajin lafiya, wataƙila maƙwabta ne suka kai ƙarar kukan, kuma a nan ba a tambaya.

Saura kwana biyu in dawo, da azahar, jan kati na rataye, ƙofar kicin ta datse wa Amarya yatsa har farcen ya ɗaga. Ta zo wurina jini na bin hannunta, hawaye na zuba, baki a rufe gam. Ɗaya yatsan ta ɗora a leɓe, tana kallon silin, saitin ɗakin babanta. Ta matso kunnena ta ba ni haƙuri a kan ƙarar da ƙofar ta yi. Shekararta biyar.

Uwarta ta ɗaure ciwon, sannan ta durƙusa ta roƙe ni kada in faɗa wa ɗana. Ta ce da mutum ɗari uku zai tashi, gwajin lafiyarsa sati mai zuwa ne, jininsa kuma ya fara hawa. Na yi mata alkawari. Ni wanda uwargidana ke cewa ko a barci ba na rufe baki, na hau jirgi da maganar a cikina.

To yanzu kwantiragin ya ƙare, sun ba shi sabo na shekara biyar, kuma ƙarshen wata zai ba da amsa. Ya bugo yana neman albarkata. Na ce bari in lalube aljihu in ga ko akwai saura, ya yi irin dariyar nan, na ji numfashi kawai a waya. Ban ga laifinsa ba, don na san barci. Na taɓa lumshe ido a kan sitiyari na farka a gonar wani. Amma tun da na dawo da sanɗa nake tafiya a gidana, har uwargida na tambayar wa ya mutu. In karya alkawarin surukata in faɗa masa? In sa albarka, ko in riƙe? Tsorona kada nan da shekara biyar a dawo mini da yarinyar da ta manta inda ta ajiye muryarta.

Naki,
Tsohon Direba Mai Dogon Baki

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Rubutunka bai yi tangaɗi ba, ya kai kaya inda aka aike shi.

Mu fara da yi wa ɗanka adalci. Barcinsa amana ce, rayukan mutane na rataye da shi, kai ma gonar da ka farka a ciki shaida ce. Surukarka kuma tsoro ne ya durƙusar da ita, ba mugunta ba. Tana kare mijinta da rufin asirin gidanta da abin da take da shi. Amma yarinyar da ke ba da haƙuri alhali jini na zuba a hannunta ta ɗauki kayan da ba nata ba. Yau yatsa ne. Gobe zai iya zama ciwon da ba a gani sai an faɗa, ita kuwa an koya mata ba a faɗa.

Ɗanka zai sa hannu a kan shekara biyar ba tare da ya san abin da ukun farko suka ci ba. Haƙƙinsa ne ya sani, don 'yarsa ce. Kada ka tsallake surukarka. Kira ta tukuna, ka gaya mata alkawarin ya fi ƙarfinka, ka ba ta zaɓi: ta faɗa da bakinta, ko ku faɗa tare. Ku bari ya gama gwajin lafiyar in bai riga ya yi ba, ku zaɓi ranar hutunsa, amma kafin ƙarshen wata.

Ranar kuma, Baba, ka ajiye barkwanci a bakin ƙofa. Na lura duk inda magana ta yi maka nauyi, wasa kake lulluɓa mata. Ka ba shi labarin yatsan nan yadda ka ba ni, ba gishiri.

Ba dole ne amsar ta zama ya bar aikin ba. Gogaggen kyaftin nemansa ake yi, yana da bakin magana. Ya tambaya ko za a bar shi ya zauna a wajen unguwar, inda ɗakin barcinsa zai yi nesa da wurin wasan yarinya. Ya tambaya ko akwai tsarin da zai yi makonni yana aiki, ya dawo gida hutu, iyali na kusa da dangi. In duka an hana, sai su auna shi da matarsa da ido buɗe. A kuma nuna Amarya ga likitan yara, a turo maka ita hutu, ta zauna a gidan da ake buga ƙofa ba wanda ya juyo.

Albarka kuwa kada ka mai da ita sandar ciniki. Ka faɗi gaskiya, sannan ka sa masa, ko me ya zaɓa.

Allah ya kare shi a sama, ya sanyaya zuciyar matarsa, ya ƙara maka lafiya. Amarya kuma Allah ya dawo mata da muryarta, ta cika maka gida da ihu har hon ɗin motarka ya sake jin kunya.