Bindigar Kaka Elam

Edinburg, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, tuffa ta yi kyau bana.

Kin san tun da na dawo daga Texas nake marmarin shiga ƙungiyar masu harbi da bindigar toka. To na sayi tawa a shagon tsoho Hostetter. Gajeriya ce irin ta mahaya dawaki a yaƙin basasar Amurka, amma sabuwar ƙira ce daga Italiya. Ranar Asabar na gwada ta. Na zuba albarushi, na tura dalma da sandar ɗuri, na ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta, na ja kunama. Hayaƙi ya rufe ni, kafaɗata ta yi tsami, allon da na auna kuwa ko gefensa ban taɓa ba. Hostetter ya ce, "Wendell, barewar da ke tsoronka sai wadda ke tsaye a bayanka."

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da nake wanke ta, sai na sauko da bindigar Kaka Elam daga bango don in gwada su gefe da gefe. Wani noti na sabuwar ya gangara, na ɗauka, cikin wasa na gwada shi a jikin ta Kaka. Yaya, ya shige sumul kamar don ita aka yi shi. Notin da aka ƙera bara ba shi da dalilin shiga bindigar da ta haura shekara ɗari da hamsin.

Bayan rasuwar Baba, wata biyar ta yi a gidan Yaya Orrin, wai yana goge mata tsatsa. Ban ce komai ba tukuna. Ke me kika gani?

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Wendell


Edinburg, 29 ga Oktoba

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin Ohio bai matsa miki ba. Na sami wasiƙarki. Layi huɗu ce, uku a kan tuffa, ɗaya kuma kika ce in mayar da bindiga bango in bar kaza cikin gashinta.

Ban iya ba. Na cire bututun daga katakon. A ƙasansa, inda masu ƙira ke buga hatiminsu, akwai sawun zarto, an goge wurin an shafa masa baƙi. Cikin katakon kuwa fari ne tas, har da ƙanshin sabon itace. Wannan ba ita ce bindigar da Baba yake ɗora mana a cinya muna yara ba. Wani ya ɗauke ta gaskiyar, ya rataye mana wannan.

Ranar da ake dafa tuffa a harabar coci na tarar da Orrin yana juya tukunya. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ina bindigar Kaka?"

Ya ce, "Tana bangonka."

Na ce, "Ta bangona 'yar Italiya ce. Wa ka sayar wa tamu?"

Ya daina juya tukunyar. Sannan ya ce, "Shekara ashirin kana Texas, kana aiko da kati duk Kirsimeti. Yanzu ka dawo kana ƙirga noti." Ya koma kan tukunyarsa. Na kira shi ɓarawo, matarsa Arlene tana ji, limamin coci ma yana ji. Bai musa ba, kuma rashin musun ne ya ƙara tabbatar mini.

Sai dai wani abu yana cin raina. Ke ce kika yi jinyar Baba shekara shida a gidan nan, kin fi kowa son kayansa. Na nuna miki alamar an sace bindigar kakanmu, ko tambaya ɗaya ba ki yi ba. Ba ki ce yaushe ba, ba ki ce wane ne ba. Me ya sa?

Naki,
Wendell


Edinburg, 9 ga Nuwamba

Yayata,

Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na ce tunda ta bangon sabuwa ce, bari in harba ta. Na kai ta filin harbi, na ɗura. Hula ta fashe, bindiga shiru. Na sake, har sau huɗu, shiru. Na kai wa Hostetter. Ya leƙa ƙaramin ramin da wuta ke bi ta isa albarushi, ya ajiye ta a kan tebur a hankali. Ya ce, "Wannan ba za ta taɓa tashi ba. Ni na toshe ramin da walda, ni kuma na goge hatimin."

Na ce, "Orrin ne ya kawo maka?"

Ya ce, "Orrin mota kawai ya tuƙo. Yayarka ce ta shigo, kanta naɗe da bandeji, ƙunar albarushi har wuyanta. Ta ce Babanku ya daina gane mutane. Ta shiga da kwanon abincinsa, ya ɗauka baƙuwa ce ta faɗo gida, ya harba. Dalmar ta wuce ta gefen kunnenta. In aka ɗauke bindigar, kuka yake yi, ya ƙi cin abinci. Sai ta ce in yi mata wadda zai riƙa rungumewa ba ta kashe kowa ba."

Yaya, a wancan lokacin kin rubuto mini cewa mura ce ta kashe miki kunnen hagu. Na aiko miki da kati mai hoton fure.

Daga shagon na wuce gidan Orrin. Yana faskare. Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Hostetter ya kasa riƙe bakinsa ke nan." Na ce me ya hana ka faɗa mini ranar da na zage ka? Ya ce, "Ta sa na rantse. Ba ta so ka tuna Baba da haka. Gara ka ce mini ɓarawo." Ya miƙo mini gatari, muka yi faskare har Arlene ta kira mu cin abinci. Ita ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Ranar Lahadi zan miƙe a coci in janye abin da na faɗa a gaban waɗanda suka ji.

Na tambaye shi inda ta gaskiyar take, ya ce wannan ke kaɗai kika sani. In tana wurinki, ki riƙe. In kin jefa ta kogi, ban ga laifinki ba.

Ranar Litinin zan taso, in Allah ya yarda zan iso kafin yamma. Kada ki wahalar da kanki da girki. Ki dai ajiye mini kujera ta ɓangaren kunnenki na dama, ina da maganar da nake so ki ji da kyau.

Ƙanenki,
Wendell